Muhyiddeen da Ɗakin Haihuwar Utai

Muhyiddeen ɗan Malam Haladu haifaffen Utai ne, a wani gida da ke ƙarshen gari, inda hanya take gangarawa fadama. Su biyu ne maza a gidan, shi da yayansa Maikano, kuma tun suna yara halinsu ya sha bamban. Maikano mutum ne mai faɗa wa abu da ka, sai ya gama ya yi tunani. Muhyiddeen kuwa ba ya ɗaga ƙafa sai ya duba inda zai sauke ta. In yara suka ce a haura lambu a tsinko goba, shi ne zai tsaya ya ce, "Idan fa mai lambun yana ciki?" In aka ce a tafi wanka rafi, zai ce, "Idan fa ruwa ya ƙaru?" Har suka laƙaba masa suna Idan-Fa, sunan kuma ya bi shi makaranta, ya bi shi har furfura ta fara fito masa.

Mahaifinsu ya rasu Muhyiddeen yana firamare. Maikano ya ajiye nasa karatun ya rungumi gona, ya ce ƙanensa ne mai kan boko, shi ya ci gaba. Da gyaɗa da dawar Maikano Muhyiddeen ya gama sakandare, ya tafi Kano ya karanci kiwon lafiyar al'umma. Ya dawo ya yi shekaru yana yawon ƙananan asibitocin ƙauyuka, inda ya ga abubuwan da suka ƙara masa tsoron da aka haife shi da shi. Ya ga allurar rigakafi ta lalace saboda firji ya mutu ba wanda ya lura. Ya ga an gina ɗakin shan magani mai kyau a inda ruwa yake kwanciya, damina ɗaya ta tsaga shi.

Ya auri Bilkisu, suka zauna cikin garin Wudil. Allah bai ba su haihuwa ba. Da shekaru suka ja, wata rana Maikano ya zo da 'yarsa Afra a bayan keke, tana 'yar yaye, ya sauke ta a tsakar gida ya ce, "Ga 'yarku nan. Ni ina da wasu." Bai ko tsaya cin abinci ba, don kada a ga idonsa. A hannunsu Afra ta tashi. Muhyiddeen take kira Baba, Maikano kuma Baban Utai. Da ta gama sakandare ta ce ga wanda take so, Muhsin, wani mai gyaran injin ban ruwa a Utai, aka ɗaura musu aure, ta koma garin da aka haife ta.

A daidai wannan lokacin ne wasu 'yan asalin yankin da suka yi arziki a Kano da Legas suka kafa Gidauniyar Lafiyar Gaɓar Kogi. Shugabanta Alhaji Dattijo, dillalin shanu ne da ya bunƙasa, mutum mai kyauta, mai kuma son a ga kyautar. Wata ƙungiya daga waje ta yarda ta tallafa musu, amma da sharaɗin su ɗauki mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai duba abin da zai iya ɓata ayyukan, ya faɗa tun kafin ya faru. Da aka zauna neman wanda ya dace, wani a cikin kwamiti ya yi dariya ya ce, "Ai kuwa ga Idan-Fa nan." Haka Muhyiddeen ya bar aikin gwamnati ya koma gidauniya, yana murna kamar an ɗinka masa riga daidai jikinsa.

Ayyukan gidauniyar sun yi yawa a lokaci guda. Ana gina ɗakin tiyata a ƙaramin asibitinta na cikin gari. Ana gina ɗakin haihuwa a Lajawa, ana gina wani a Utai. A Kausani ana haƙa burtsatse, ana kuma kafa firji mai aiki da sola don ajiye allurar rigakafi. Sannan ga motar ɗaukar marasa lafiya guda ɗaya, fara fat, da direbanta Gwadabe. Kowane aiki yana da ubansa a cikin kwamiti, kowane uba kuma nasa kaɗai yake gani. Muhyiddeen ne kawai yake kallonsu a haɗe, kuma abin da ya gani ya hana shi sakewa. Ayyukan ba su bambanta ba kamar yadda ake zato. Ɗan kwangila ɗaya ne yake riƙe da gine-ginen duka, in ya yi tuntuɓe duk sun faɗi. Mota ɗaya ce. Ungozomomin da suka yi karatu, waɗanda suka yarda su zauna ƙauye, biyu ne kacal. Damina kuma in ta zo ba ta zaɓar gari.

Ya fara da abin da ya fi sauƙi. Ya matsa har aka raba kwangilar aka ba wani daban aikin Kausani. Ya sa aka ɗaga daɓen ɗakin firjin, ɗan kwangila yana ta ƙorafin ɓarnar siminti. Da ruwa ya yi ambaliya a shekarar, ya shiga gidajen da ke kewaye, ya tsaya a bakin matakalar ɗakin firjin bai hau ba. Allura ko ɗaya ba ta lalace ba. Ba wanda ya ce masa sannu, don ba abin da ya faru. Ya faɗa wa Bilkisu da daɗin rai, ta ce, "To, Malam, su sun sani?" Ya ce ba sai sun sani ba. A lokacin da gaske yake.

Maganar ɗakunan haihuwa ce ta fi ƙarfinsa. Ya zauna da Rahmatu, babbar ungozomar, mace mai faɗin gaskiya ko ba a tambaye ta ba. Ta ce masa, "Malam, haihuwa ba ta san ranar hutu ba. In aka raba mu, ni a Lajawa ita a Utai, ranar da na kwanta ciwo wa zai karɓa? Mata za su daina zuwa gari, su taho wurinmu don sun ga gini, su tarar da ƙofa a kulle." Ya je ya duba ginin Utai da kansa. An kai linta, amma a kwari yake, hanyar da ke zuwa wurin kuma kwalbatinta ya fara zaizayewa. Ginin Lajawa ya kusa gamuwa, yana kan tudu, matan da ke kewaye da shi sun fi yawa, kuma sun fi nisa da gari.

Ya yi makonni yana juya abin a ransa. Ya san amsar tun farko, neman wata yake yi. Bai samu ba.

Ranar taron kwamiti ya miƙe ya yi bayani a tsanake. A gama Lajawa, a sa ungozomomin biyu a can su riƙa karɓar juna. A dakatar da Utai sai an samu ƙarin ma'aikata an kuma gyara kwalbatin. Kafin nan motar asibiti ta zama ta matan Utai da Kausani, kada ta je ko'ina sai ɗauko mai naƙuda ko mai ciwo.

Alhaji Dattijo ya kalle shi ta saman tabarau. "Malam Muhyiddeen, Utai fa garinku ne."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Kuma kai ne kake cewa a tsayar?"

"Ni ne. Ɗaki ɗaya mai aiki ya fi biyu da za su yaudari mata."

Alhaji ya ce, "To, madalla. A rubuta cewa shawarar jami'inmu ce." Dama kuɗin siminti yana damunsa, ga ɗakin tiyata yana ci kamar wuta, kuma shi ne aikin da manyan baƙi za su zo gani. Muhyiddeen ya ji yadda aka ce a rubuta, ya kuma fahimci dalili, amma bai ga laifin hakan ba. Shawararsa ce.

Labari ya riga shi isa Utai. Ran kasuwa Maikano ya biyo ta gidansa, ya ƙi shiga, ya tsaya a zaure. Suka gaisa doguwar gaisuwa, gida da iyali da gona da ruwa, sannan Maikano ya ce, "An ce kai ka hana."

"Ba hanawa na yi ba, Yaya. Jinkirtawa ne."

"Mu muka ba da filin nan. Mu muka ɗebo yashi da amalankenmu. Dagaci ya tsaya a gaban jama'a ya ce muna da ɗa a ciki, ba za a manta da mu ba. Ashe ɗan namu ne zai tsaya a ƙofa."

"Yaya, in aka buɗe shi babu ungozoma, kashe mata zai yi."

"Yanzu da babu shi, raya su ake yi?"

Muhyiddeen ya yi bayanin motar, ya ce kira ɗaya za a yi ta iso. Maikano ya saurara har ƙarshe, yana kaɗa kai. Da zai tafi ya ce, "Ka san 'yarka tana da ciki?"

Ya sani. Bilkisu ta faɗa masa tun cikin yana ƙarami. Shi ya sa Afra take zuwa awo gari, shi ya saya mata maganin ƙarin jini, ya kuma shirya da Bilkisu cewa da watan haihuwa ya kama za a ɗauko ta ta zauna a gidansu, kusa da asibiti. Ya faɗa wa Maikano haka. Maikano ya ce, "Kai dai kullum kana da shiri," ya hau babur ɗinsa.

Ɗakin Lajawa ya buɗe, ya kuma yi aiki. Mata suka riƙa tururuwa, Rahmatu da abokiyar aikinta suna karɓar juna. Motar ta ɗauko matan Utai da dama cikin watannin nan, duk suka sauka lafiya. Muhyiddeen ya fara jin nauyin ƙirjinsa yana raguwa. A Utai dai an daina kiransa ɗaurin aure, amma ya ce a ransa lokaci zai nuna musu.

Damina ta yi tsakiya, aka sa ranar buɗe ɗakin tiyata, wata Asabar. Ana gobe Juma'a Alhaji Dattijo ya kira shi ofis. Fitilar tiyata da injin sa barci sun iso Kano, amma motar kamfanin da za ta kawo su ta lalace. Kaya ne masu tsada, ba a jefa su bayan akori-kura, ga ruwa ana yi kullum.

"Motarmu ce kawai za ta iya ɗauko su," in ji Alhaji. "Gobe Gwadabe ya fita da sassafe, kafin a tafi masallaci ya dawo."

"Ranka ya daɗe, mun yi ƙa'ida a kan motar nan."

"Mun yi. Shi ya sa nake tambayarka ban aika ta ba. In kayan nan ba su zo ba, baƙi za su zo su ga ɗaki wayam, masu tallafi su janye hannu. In suka janye, wa zai biya ungozomominka? Wa zai sa wa motar mai? Ba kai kake ce mana ayyukan duk a ɗaure suke da juna ba?"

Gaskiya ce, kuma da bakinsa ya koya musu ita. Ya roƙi a ba shi zuwa yamma. Ya kira Rahmatu, ya kira masu kula da awo a Utai da Kausani, ya tambayi ko akwai wadda ta kusa. Babu. Mafi kusa ita ce Afra, ita ma da sauran makonni, kuma sati mai zuwa za a ɗauko ta. Ya auna: rabin yini ne, babu mai naƙuda, ga abin da za a rasa in aka ƙi. Ya koma ya ce wa Alhaji motar ta je, amma ta dawo kafin kasuwar Juma'a ta cika.

Washegari kamfanin bai buɗe da wuri ba. Masu lodi suka yi jinkiri. Kafin Gwadabe ya iso gadar shiga Wudil, manyan motocin shanu sun toshe hanya, gaba ba gaba ba, baya ba baya ba.

Da hantsi wayar Muhyiddeen ta yi ƙara. Muhsin ne, mijin Afra, muryarsa cike da dariya. "Baba, an sauka! Namiji! Abin ya zo mata ba zato, kafin mu yi wani motsi har ta haihu." Muhyiddeen ya yi hamdala, ya tambayi lafiyarta, aka ce lau. Ya kira Bilkisu tana ta buɗa. Bai gama murna ba wayar ta sake ƙara. Wannan karon da ƙyar ya gane muryar Muhsin. Mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini ya ɓalle, tsohuwar da ta karɓi haihuwar ta ce abin ya fi ƙarfinta. A turo mota.

Ya kira Gwadabe. Gwadabe ya ce yana hango gari, ya kunna jiniya, amma ba inda motocin za su matsa. Ya kira Rahmatu, tana Lajawa hannunta a kan wata mai naƙuda, ko ta taso ma ba abin hawa. Ya faɗa ɗakin magani ya ɗebi allurar tsayar da jini da ledar ruwa, ya hau babur, ya bi ta lungu ya kauce wa kasuwa.

A wajen kwalbatin nan ya same su. Ruwan daren jiya ya cinye rabinsa, mai a-daidaita-sahun da suka kira ya tsaya a ƙetaren da ke ɓangaren gari ya kasa wucewa. Sun ɗoro Afra a amalanke, Maikano yana jan shanun da kansa, rigarsa duk laka. Suka ɗauke ta a tabarma suka ratsa ruwan da ƙafa. Muhyiddeen ya durƙusa a gefen hanya ya yi mata allurar, ya nemi jijiya ya sa ruwa. Leɓɓanta sun yi fari. Ta buɗe ido ta gan shi.

"Baba, ka zo."

"Na zo, Afra. Yanzu za mu isa."

"Ka ga yaron?"

"Zan gan shi. Ki yi shiru."

Jini take buƙata, jini kuma yana gari. Suka sa ta a a-daidaita-sahun, kanta a cinyar Maikano, Muhyiddeen yana riƙe da ledar ruwan sama. Kafin su hau kwalta ta cika. Shi ya fara sani, don yatsunsa suna kan wuyanta. Ya ci gaba da riƙe ledar har suka shiga gari, don bai san yadda zai faɗa ba.

A Utai aka yi mata sutura bayan la'asar. Washegari aka buɗe ɗakin tiyata. An yi addu'a ga mamaciyar kafin a yanka ƙyallen buɗewa, an ce.

Ya zauna zaman makoki a ƙofar gidan da aka haife shi, a kan tabarma ɗaya da yayansa. Mutane suna zuwa su yi wa Maikano gaisuwa, su yi wa Muhsin, in sun zo kansa su miƙa hannu su kau da kai. Maikano bai ɗaga masa murya ba ko sau ɗaya. Da ma ya ɗaga. Sai da aka watse wata yamma, suka rage su biyu, ya ce ba tare da ya dube shi ba, "Ina motar?"

"Tana Kano, Yaya."

"Wa ya aike ta?"

Zai iya cewa Alhaji. Ba ƙarya ba ne. Ya ce, "An tambaye ni, na yarda."

Maikano ya naɗe carbinsa ya sa aljihu. "Na ba ka ita tun ba ta iya magana ba," ya ce, ya tashi ya shiga gida.

Ranar addu'ar uku Alhaji Dattijo ya zo da tawaga, da buhunan shinkafa. Ya yi ta'aziyya mai ratsa zuciya, har da hawaye, kuma ba na ƙarya ba ne. Sannan ya juya ga dagaci ya ce, a gaban kowa, "Mu Allah ya sani mun so mu buɗe muku ɗakin nan tuntuni. Masana suka ce a dakata, muka bi. Amma daga yau na ɗauki alkawari, kafin kaka ɗakin haihuwar Utai zai buɗe, ko da aljihuna." Jama'a suka yi ta sa albarka. Ba wanda ya juyo ya kalli Muhyiddeen, kuma rashin kallon ya fi kallo ciwo.

Masu tallafi suka aiko a yi bincike. Wata mata mai ladabi ta zo daga Abuja ta yi masa tambayoyi. Wa ya ba da shawarar dakatar da Utai? Shi ne. Wa ya amince motar ta bar yankin? Shi ne. Ya yi mata bayanin ungozomomi biyu, da kwalbati, da wayoyin da ya buga. Ta rubuta duka, ta ce ta fahimta. Da sakamako ya fito, an yaba wa gidauniya a kan Lajawa da Kausani da ɗakin tiyata, an kuma ce an samu rauni wajen kula da haɗari. Kwamiti ya zauna ba da shi ba. Alhaji ya kira shi ya ce ya ga jikinsa ya yi sanyi tun rasuwar nan, ya kamata ya ɗan huta. Ba a kore shi ba. Ba a dai sake kiransa ba.

Kafin ya kwashe kayansa ya je Lajawa wurin Rahmatu. Tambaya ɗaya ta kai shi. Suka zauna a barandar ɗakin, a ciki wata jaririya tana kuka.

"Malama, da kina Utai ranar nan, da ta rayu?"

Rahmatu ta dube shi. "Kana so in ce a'a."

"Gaskiya nake so."

"Da ina can, da na ciro mabiyiyar kafin jinin ya yi nisa. Wataƙila da ta rayu. Wataƙila." Ta nuna ɗakin da haɓa. "Kuma da ina can, akwai matan da suka fita daga nan da ƙafafunsu waɗanda da yanzu an manta da su. Zan iya kira maka sunayensu."

"Bar shi," ya ce. Bai san su ba. Bai goya ko ɗaya a cikinsu ba, bai raka ko ɗaya makaranta ba.

An buɗe ɗakin Utai kafin kaka, kamar yadda Alhaji ya yi alkawari, da kiɗa da jawabai. Aka ɗauke abokiyar aikin Rahmatu aka kai can. Kowace ta zama ita kaɗai, ba hutu ba mai karɓa. Ba a shekara ba ungozomar Utai ta samu aiki a Kano ta tafi. Yanzu Rahmatu ce take zuwa can wasu ranaku, ta bar Lajawa a kulle. Kwalbatin yana nan yadda yake, an dai zuba masa buhunan yashi. Wani tsohon abokin aiki ya taɓa tare Muhyiddeen a hanya ya ce, "Ka ga maganarka ta fito." Muhyiddeen ya dube shi kamar ya zage shi, ya wuce.

Ya buɗe ɗan kemis a kusa da tasha. Mutane suna son sayen magani a wurinsa don ba ya sayar da na jabu, suna kuma ƙosawa da shi don yawan tambaya. Ya rage magana. Bilkisu ta ce ko a gida sai ya wuni bai ce komai ba, kuma ɗakin da aka share don zuwan Afra har yau bai yarda a sa komai a ciki ba. Yaron da Afra ta bari an sa masa suna Halliru, yana hannun matar Maikano. Bilkisu tana zuwa ganinsa duk wata, ana karɓarta hannu biyu. Muhyiddeen ba a hana shi zuwa ba. Da Sallah yakan je, ya durƙusa ya gaida yayansa, Maikano ya amsa kowace gaisuwa daidai, gida lafiya, iyali lafiya, aiki da godiya, irin amsar da ake yi wa baƙon da ya tsaya tambayar hanya.

Wata Juma'a, yaron ya fara tafiya, Muhyiddeen yana zaune a kemis ya hango Maikano cikin taron kasuwa, Halliru a kafaɗarsa, kansa ya langaɓe, idanunsa a lumshe. Ko daga nesa ya san zazzaɓi ne. Ya miƙe tsaye, ya jawo kujera, har ya miƙa hannu ga abin gwajin maleriya. Maikano ya iso daidai ƙofar. Ya gan shi, ba shakka ya gan shi. Ya gyara yaron a kafaɗa, ya wuce, ya tsallaka titi ya shiga shagon wani mai sayar da magani da bai taɓa shiga aji ba.

Muhyiddeen ya tsaya yana kallo har suka fito. Ya ga kalar kwalbar da aka ba su, ya san ba abin da za ta yi wa yaron. Ya koma ciki ya ɗauko maganin da ya dace da shekarunsa, ya haɗa da garin ruwan gishiri da sukari, ya ƙulle a leda. Ya rufe shagon tun rana ba ta yi sanyi ba, ya tafi gida ya samu Bilkisu tana tankaɗe.

"Ki shirya ki je Utai," ya ce. "Halliru ba lafiya. Rabin ƙwaya safe da yamma, bayan ya ci abinci. In ya fara amai ko jikinsa ya sandare, kada su jira, su taho gari."

Ta karɓi ledar tana dubansa. "Kai ba za ka je ba?"

"Ki ce ke kika saya. In suka ji daga wurina ne ba za su ba shi ba."

Ta yafa mayafinta. Ya raka ta bakin titi, ya tsayar mata da babur, ya ce wa mai babur ɗin ya bi a hankali in sun zo wajen kwalbati, ruwa ya sake cin gefensa.